Haƙoran Zarto a Kan Allo

A wurin aikinmu ba mai kirana da sunana na yanka. Hannu ake ce mini. A gabana ɗalibai su ce Malam, da na ba da baya sai ka ji ana Hannu ya shigo, Hannu ya fita, yau ran Hannu a ɓace yake kowa ya yi ta kansa. Ina jin su sarai, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi abin yake mini. Ba a banza na samu sunan ba.

Aikinmu da girafin ne. In ba ka taɓa jin sa ba, ba laifinka ba ne. Matata ma ta daɗe tana gaya wa danginta wai fensir nake gyarawa. Kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Baƙin nan da ke cikin fensir hawa-hawa yake, kamar takardun da aka jera. In ka manna masa salatef ka ɓamɓare, ka sake mannawa ka ɓamɓare, ka yi ta yi har ranka ya ɓaci, wata rana za ka dace da shimfiɗa ɗaya tak, wadda ba abin da ya kai ta siranta. Ita ce girafin. Sai da madubin ƙara girma ake ganin ta, shi ma sai mai ido.

Masu lissafi, waɗanda ba su taɓa riƙe salatef ba tun da aka haife su, sun ce in aka ja wannan shimfiɗa daidai wa daida, aka sa ta cikin sanyin da ya wuce hankali, mai yiwuwa wutar lantarki ta riƙa ratsa ta ba tare da wata turjiya ba. Kowace waya tana yi wa wuta turjiya, shi ya sa caja take ɗumi in ta jima a bango. Mu muna neman ranar da turjiyar za ta faɗi ƙasa warwas, ta zama babu. Su sun rubuta "a ja", sun tafi shan shayinsu. Mu aka bari da yadda za a ja abin da numfashi ma yana iya lalata shi.

Ga yadda muke yi. A ɗora ɓallin girafin a kan wani siririn faranti mai lanƙwasuwa, a haɗa masa wayoyin da ba su kai gashin kai kauri ba, a ɗaure farantin cikin wani ɗan ƙarfe mai noti. In ka murɗa notin, farantin ya ɗan lanƙwashe, girafin da ke bayansa ya miƙe. Ka murɗa bai isa ba, ba abin da zai faru. Ka zarce da ƙwayar zarra, ya yage, wahalar watanni ta bi ruwa. Wannan murɗin shi ne aikina, kuma shekara da shekaru ba wanda ya isa ya taɓa notin nan sai ni. Har daga wasu benaye ake kawo mini abu a tafin hannu ana lallaɓawa.

Ina da doka. Ni ina zaune, ido a madubi, yatsu a noti. Ɗalibi yana gefe gaban allon kwamfuta, allon ya ba ni baya don kada haskensa ya dame ni. Girafin yana da wata ɗabi'a: da an ja shi ko yaya, turjiyarsa take sauyawa, don haka layin da ke tafiya a allon shi ke nuna yawan jan da aka yi. In na dafa noti na ce fara, a fara adana zanen. In na ce tsaya, a tsayar, sannan in ɗage hannu. Daga baya a nuna mini abin da aka adana. Ba magana, ba tari, ba jan kujera.

Wadda ke zama gaban allon a 'yan shekarun nan ita ce Maman 'Yan Biyu. Digirinta na uku take yi a ƙarƙashina. Mace ce mai sanyin magana, ta ajiye aikin koyarwa ta dawo karatu. Kullum sai ta kai tagwayenta makaranta sannan ta iso tana haki, wani lokacin da gorar ruwan ɗayansu a jaka. Wajen farautar girafin kuwa ban ga kamarta ba. Takan wuni a kan madubi tana bin faranti lungu-lungu har idonta ya yi ja. In ta samu ɓalli mai kyau ba ta ihu, sai dai ka ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Wa'adin karatunta ya kusa cika, kuma ba ta da sakamakon da za ta rubuta, saboda ɓallayenta sun fara yagewa ɗaya bayan ɗaya a wajen murɗi.

Tun farkon shekara zanen da ake nuna mini ya lalace. Layin da na saba gani sumul, yana hawa a hankali, sai ga shi da ƙananan haƙora jere reras kamar bakin zarto. Duk mai wannan sana'a ya san ma'anar haka: wani abu yana girgiza tebur. In kuwa girgiza ta haɗu da murɗi, sai yagewa.

Na tashi haiƙan neman mai laifi. Na fara da firjin baranda inda mutane ke ajiye abincin rana. Na sa aka ɗauke shi aka kai ƙasan bene, kowa ya riƙa sauka yana hawa yana zagina a zuci. Haƙora suna nan. Na sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, muka riƙa aiki muna gumi. Suna nan. Na hana mai shara shigowa da injin goge ƙasa, na manna takarda a ƙofa cewa duk mai takalmi mai ƙwas-ƙwas ya zaga ta baya, na tsoma ƙafafun tebur cikin bokitan yashi. Har direban motar kawo kaya na fita na yi wa tatas don ya bar inji a kunne ƙarƙashin tagarmu. Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri bai ma san laifinsa ba.

Daga ƙarshe na tsaya a kan maƙwabcinmu. Bango ɗaya ya raba ɗakinmu da nasa, kuma yana da wani tsohon famfon zuƙe iska da ke gurnani daga safe har yamma, shi ya sa muke ce masa Mai Famfo. Tare muka fara aiki a ginin nan muna da sauran ƙuruciya. Ya ci abinci a gidana, na kwana a kansa a asibiti lokacin da aka yi masa aiki. Mutum ne mai jiki, mai dariya, irin waɗanda ko zaginsu ka yi sai sun tambaye ka ya iyali. Na je na ce masa famfonsa yana kashe mini ɗaliba. Ya ce famfon nan ya girmi wasu daga cikin ɗaliban, bai taɓa damuna ba, me ya sa sai bana? Tambaya ce mai kyau, shi ya sa ta ƙona mini rai. Na daina gaishe shi. Na kai ƙara wurin Shugaban Sashe, aka tilasta masa kashe famfon duk ranar da zan yi murɗi, nasa aikin ya riƙa tsayawa. Da haƙoran suka ƙi tafiya, sai na ce ai kunnawa yake a ɓoye da zarar na rufe ƙofa.

Maman 'Yan Biyu ta yi ta kewaye-kewaye. Wata rana ta ce ta ji wasu suna sa ƙaramin inji ya murɗa musu noti, ko za mu gwada? Na ce ranar da inji ya iya jin abin da yatsa ke ji, ta zo kabarina ta gaya mini. Wata rana kuma ta ce ko zan bar ta ta gwada murɗi a kan ɓallin da ba shi da amfani, don ta koya. Na ce ta fara gama koyon kallon allo tukuna. Ta ce to, Malam. Kullum amsarta ke nan, to, Malam.

Game da hannun nawa kuwa, ba zan ce ban lura da komai ba. In na ɗauki kofi da dama shayin yana ɗan kaɗawa, sai na koma ɗauka da hagu. Rubutuna ya fara zama kamar sawun kiyashi. Amma na ba kaina amsa: shayi ne ya yi yawa, barci ne bai isa ba. Kuma na yarda har cikin zuciyata cewa da na dafa noti rawar take tsayawa cak, domin a madubi ba na ganin komai yana motsi. Ga kuma shaida a gida. Matata tela ce, idonta ya yi rauni, tun tuni ni nake zura mata zare in za ta yi ɗinkin hannu. Kowace yamma ta miƙo mini allura, in zura, in mayar mata ina hura hanci, in shige ɗaki. Mutumin da ke zura zare a allura, wa zai ce hannunsa na rawa?

Ana cikin haka Maman 'Yan Biyu ta samu wani ɓalli da ban taɓa ganin mai tsabtarsa ba. Tun daga baranda na jiyo waƙarta. Muka haɗa masa wayoyi, na murɗa wajen rabin abin da ake bukata, da haƙoran da komai, Allah ya taimaka bai yage ba. Muka zura shi cikin tukunyar sanyi, wata doguwar tukunyar ƙarfe da ke kai abu sanyin da iska ma daskarewa take yi. Da sanyin ya kai ƙarshe, sai layin turjiya ya sunkuyar da kai, ya fara gangarowa, sannan ya tsaya a hanya. Bai kai ƙasa ba, amma ya nuna yana so. Ko wannan ba mu taɓa gani ba. Abin da ya rage a fili yake: a fito da shi, a ƙara murɗawa kaɗan, a mayar. Wannan ɗan ƙarin kuwa shi ne inda duk na baya suka yage. In wannan ya bi su, ba ta da lokacin farautar wani, sai dai ta tattara ta koma gida hannu rabbana.

Na rantse ba zan taɓa notin ba sai na kama Mai Famfo dumu-dumu a gaban shaidu. Na gayyato Shugaban Sashe, na gayyato shi Mai Famfon kansa, ɗalibansa suka biyo shi, namu suka taru, har mai shara ta leƙo da tsintsiyarta. Na ɗaura wani ɓallin gwaji marar amfani a ƙarfen. Maman 'Yan Biyu ta matso kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa, don Allah Malam a fasa taron nan, tana so mu yi magana mu biyu. Na ce maganar ta jira. Ta sake cewa don Allah. Na galla mata harara, ta koma kujerarta. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba: na kama allon na juyo shi ya fuskanci jama'a, ni ma ina ganin sa, na ce a bar shi ya yi ta tafiya kada a tsayar.

Mai Famfo ya shigo da wayar famfon nasa a naɗe a hannu, ya ciro ta ɗungurungum. Ya ajiye a kan kujera ya ce ga ta nan, don kada a ce ya bar aljani yana kunna masa. Aka yi dariya, ban da ni. Layi ya fito a allo, sumul, a miƙe kamar zaren da aka ja.

"To, kun gani," na ce. "Yau da wayar take gabanmu, ina haƙoran?"

Na kalli Shugaba, na kalli Mai Famfo, na yi jawabi. Wallahi jawabi na yi. Na yi maganar amana da haƙƙin maƙwabtaka, na yi maganar baiwar Allah mai 'ya'ya da aka ɓata wa shekara guda. Mai Famfo ya daina murmushi, ya zuba wa wayarsa ido kamar shi ma ya fara zargin kansa. Sannan na ce bari in nuna musu yadda murɗi yake a ɗakin da ba a cuta ba. Na zauna, na naɗe hannun riga, na ɗora yatsu a kan noti.

Haƙoran suka fito, jere reras, kowa yana gani.

Na ce lalle wani ne ya jingina da tebur. Kowa ya ja da baya. Na ɗaga hannu ina nuna allon, zan ce a je a duba baranda, sai layin ya kwanta sumul a gaban yatsana. Na tsaya da hannu a sama. A hankali na mayar da shi kan noti, haƙoran suka dawo. Na ɗage, suka ɓace. Ban san abin da ya sa na sake gwadawa ba, wataƙila ina jira allon ya ji nauyina ya canza magana. Bai canza ba.

Ba wanda ya yi ko tari. Dokata ce ai, ga shi ranar an bi ta yadda ba a taɓa bi ba. Na juya wajen Maman 'Yan Biyu, ita kaɗai ce ba ta kallon allon. Kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafinta. Nan na gane ta daɗe da sani. Ita ce ke zaune gaban allon kullum, tana ganin layin kafin in dafa noti da bayan na ɗage. Ni abin da ke tsakanin fara da tsaya kawai ake nuna mini, kuma ni na ce a yi haka. Watanni tana kallon hannuna yana zana rawarsa, tana kallon ɓallayenta suna yagewa, tana cewa to, Malam.

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ina godiya. Mai Famfo ne ya fara motsawa. Ya ɗauki wayarsa, ya ce wa ɗalibansa su zo, aiki yana jiransu. Da zai wuce ya dafa kafaɗata. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Shugaba ya duba agogo ya tuna yana da taro. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, mai shara ta ja mana ƙofa a hankali yadda na koya mata.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun ɓalli na biyu da ya yage, Malam."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Kai ka koya mini komai a ɗakin nan. Ban san da wane baki zan faɗa ba. Kuma duk ranar da na shirya, sai in tarar ka fita faɗa da wani."

Na ɗauki jakata na fita ta ƙofar baya, inda nake korar masu takalmi mai ƙara.

Na isa gida rana ba ta faɗi ba. Matata tana falo da rigar wata mai kawo mata ɗinki a cinya, yadi mai laushi, tana shirin kama bakinsa. Ta yi mamakin ganina da wuri, amma ba ta tambaya ba, sai ta miƙo mini allura da zare kamar kullum. Na zura, ya shiga. Maimakon in shige ɗaki sai na zauna a gabanta. Ta riƙe allurar tana jujjuyawa, ta ce ba zan je in watsa ruwa ba? Na ce ina nan. Ta soka allurar a yadin, na ga ta bar rami. Sai a lokacin na dubi allurar da kyau: ƙatuwa ce, kafarta a buɗe, irin wadda ake ɗinke katifa da ita.

Na ce ta tsaya kada ta ɓata wa mutane kaya. Na jawo gwangwaninta na buɗe. Ga siraran alluranta a soke a tsumma, kowace da zarenta, ga wani ɗan ƙarfe mai siririyar waya da ake zura zare da shi.

"Wannan taka ce," ta ce, tana nuna ƙatuwar. "Nawa suna cikin gwangwani. In ka shige ɗaki sai in canza."

Na tambaye ta ko duk duniya ta sani ne ban da ni. Ta ce ita ba ta san na duniya ba, amma kofunan gidan nan sun sani, rigunana ma sun sani, don ita ke wanke tabon shayin. Ta ce sau nawa tana ce mini mu je asibiti ina cewa barci ne? Ta ce wannan makon za mu je, ko ina so ko ba na so, ba roƙona take yi ba. Na ce to. Ina jin tun da muka yi aure ban taɓa ce mata to da sauri haka ba. Ta ci gaba da ɗinkinta da siririyar allura a gabana, ni kuma ina zaune da ƙatuwar a hannu kamar wanda aka ba riƙo.

Washegari sai da na yi da gaske na iya hawa benen. Na tarar Maman 'Yan Biyu ta riga ni, ta fito da ɓallin mai kyau daga tukunya, ya huce, ta ɗaura shi ƙarƙashin madubi, ta juya allon ya ba kujerata baya kamar yadda aka saba, ta koma wurinta ta zauna. Wato har yanzu jira take in murɗa. Wannan ya fi na jiya ciwo. Da na ce zan yi, da ta bar ni, ta zauna tana kallon shekarunta suna rawa a yatsuna.

Na ce ta tashi ta koma kujerata. Ta ce Malam ita ba ta taɓa ba. Na ce na sani, ni na hana ta, kuma ba ni da bakin ba ta haƙuri yanzu, ta bari sai an gama. Na mayar da ɓallin gwajin jiya, na sa ta yi ta murɗawa a kansa har rana ta take. Na nuna mata inda ake kafa gwiwar hannu, da yadda ake sakin numfashi kafin a taɓa, da yadda ake murɗawa kamar ba a so. Duk abin da na riƙe wa kaina shekara da shekaru na zazzage mata shi a safiya ɗaya, kuma bai kai yawan da nake zato ba. Hannunta kuwa tsayayye ne, hannun mai farautar ɓalli.

Sannan muka ɗaura na gasken. Na juyo allon, na tsaya a gefenta ina kallo. Ta sa ido a madubi, ta saki numfashi, ta dafa noti. Na ce fara.

Sai ga haƙora. Ƙanana, amma su ne.

Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ne, ashe akwai wani abu a ginin nan, ashe jiya an zalunce ni. Har na buɗe baki zan ce ta dakata a kira Shugaba. Ba ta ɗago daga madubin ba, ba ta motsa yatsunta ba, ta ce a hankali:

"Malam, hannunka yana kan tebur."

Na duba. Yana nan kuwa, na dafa gefen teburin ban sani ba. Na ɗage shi, na ja da baya har na kusa ƙofa, na kai hannuwan baya na riƙe dama da hagu. Layin ya kwanta sumul. Ya fara hawa a hankali, a hankali, irin hawan da na yi shekara ban gani ba. Daga inda nake tsaye ina ganin allon sarai, kuma idona dai bai fara rawa ba tukuna. Na bar shi ya hau, ya ƙara hawa, har ya kai inda na san in an ƙara gashi ɗaya an zarce.

"Tsaya," na ce.

Ta tsaya, ta ɗage yatsu. Layin bai tsinke ba. Ɓallin yana nan lafiya. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna motsi, ni kuma na juya ina karanta takardar da na manna a ƙofa kamar ban san abin da ke ciki ba. Na ɓamɓare ta na cusa a aljihu.

Ita ta zura shi a tukunya, ni ina ba da umarni daga nesa. Sanyi yana ɗaukar lokaci kafin ya kai ƙarshe, don haka ba ni da sauran uzuri. Na fita na ƙwanƙwasa ƙofar Mai Famfo. Famfon yana ta gurnaninsa. Na shirya magana mai tsawo tun a baranda, amma da ya buɗe sai duk ta ɓace mini. Na ce na zo ne, na zo ne dai. Ya dube ni, ya ce ya iyali? Na ce lafiya. Ya ce in shigo in zauna, ya zuba mini shayi rabin kofi, bai cika ba. Na lura, shi ma ya san na lura, muka sha muna maganar tsadar kayan gyara.

Kashegari da rana ina ofis na jiyo waƙar nan ƙasa-ƙasa ta bango. Na je na tsaya a bakin ƙofa. Layin turjiya ya gangaro, ya wuce inda ya tsaya wancan karon, ya sauka har ƙasa ya kwanta. Na ce mata kada ta gaya wa kowa sai mun sake aunawa ta kowace fuska, don waya ma in ta haɗe tana iya yin wannan ƙaryar. Ta ce to, Malam. Amma gini ba ya riƙe magana. Kafin la'asar ɗakin ya cika, ana leƙen allo ta kafaɗar juna, Mai Famfo yana tsakiya yana dariya kamar nasa ne.

Wani malami daga benen sama, wanda bai ji labarin shekaranjiya ba, ya kutso yana miƙo mini hannu tun daga nesa, yana cewa an ce Hannu ya sake yin abin nasa.

"Ya yi," na ce. "Ga ta can zaune."

Ya bi inda na nuna da haɓa, ya dawo da ido kaina bai gane ba. Na bar shi a nan, wani zai yi masa bayani. Na sa hannun a aljihu, na sauka ƙasan bene in nemi masu ɗauko wa mutane firjinsu.